Haruffan da Ke Bayan Robar Mota

Injin mota idan ya tsufa yakan yi ƙara da hayaƙi har a kai shi wurin bakanike, amma robar cikin mota a shiru take lalacewa. Da yawa daga cikin motocin Golf 3 da ke jigilar fasinja tsakanin Kazaure, Roni, Gwiwa da Karkarna, hedikwatar Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi, sun kai shekara talatin ko sun doshi haka. Kamfanin Volkswagen ya fito da wannan samfuri ne a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A Turai suka fara rayuwa, sannan suka zo ƙasar da motar da aka bari a rana a watan Afrilu dashbod ɗinta kan haura digiri 70. Zafi da hasken rana suna tsinka sarƙoƙin sinadaran da suka haɗa roba, sai ta bushe, ta riƙa karyewa kamar busasshen kara.

Wani direba a Karkarna ya sha fama da wannan. Robar da ke riƙe hannun buɗe ƙofar baya ta tsage, ya ɗiga mata sufa gulu ya barbaɗa yashi, kamar yadda aka saba. Kwana uku ta sake. Sau huɗu yana maimaitawa, har ya haƙura ya koma fitowa yana buɗe wa fasinja daga waje. Da yawa za su ce ai ƙaramin abu ne. Sai dai ƙofar da ba ta buɗuwa daga ciki tarko ce ranar da mota ta kama wuta ko ta faɗa rami da mata da yara a baya. Sayen wata a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuwa ya ƙara nauyi tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuma ta gwanjon ma sa'ar wadda ta karye ce.

Wani dattijo mai liƙin roba a Kazaure ne ya warware matsalar. Ya ciro murfin ƙofar, ya juya bayansa, ya nuna haruffa biyu da aka buga a jiki: PP. Ya ce, "Malam direba, wannan ba ta shan gam, sai wuta."

Gaskiyarsa. Masana'antu kan buga sunan roba a bayan kayan. PP ita ce folifirofilin, mai santsi kamar kakin zuma, wadda gam na yau da kullum ba ya kama ta. Tana narkewa a wajen digiri 165, don haka walda ake yi mata: a wanke wurin, a ɗan faɗaɗa tsagar ta baya, a narka ɓallin roba irin tata a ciki da ƙarfe mai zafi, a nutsa ragar waya don ƙarin ƙarfi. Idan kuwa ABS aka rubuta, ita tana karɓar gam, kuma sinadarin asiton yana narka ta, har a iya jiƙa gutsattsarinta su zama kwaɓin cike tsaga. Wanda ya narka ABS a kan PP ya yi aikin banza, domin ba sa haɗuwa.

Akwai inda gyara ya kamata ya tsaya. Murfin jakar iska da ke kan sitiyari an yi shi ne don ya yage a daidai inda aka tsara lokacin haɗari; liƙe shi ko sa masa waya na iya hana jakar fita, ko ya mai da ɓallin roba makami. Hayaƙin narkakkiyar roba kuma ba na shaƙa ba ne, shi ya sa a fili ake aikin.

Masu liƙin bokiti da robar wanka sun daɗe suna gane roba da ido da ƙauri. Abin da mai mota zai ƙara shi ne, kafin ya sayi gam, ya juya abin da ya karye ya karanta.