Na Kira Shi Matsoraci

A wajenmu nan Yauri, in aka ce soja, na tudu ake nufi. Na tashi ina jin ana cewa sojan ruwa ba shi da aiki sai fararen kaya da fareti a Legas, na kuma haɗiye maganar ban auna ta ba. Ita ta kai ni ga cin fuskar mutumin da ya fi ni.

Hafsa ne ɗan unguwarmu da ya yi ritaya ya dawo gida. Ya yi aiki a runduna ta musamman ta sojan ruwa, wato SBS, wadda aka kafa a 2006, kuma ya daɗe a Tafkin Chadi. Wata ranar kasuwa muka haɗu a bakin ruwa za mu tsallaka. Ya dubi jirgin, buhu kan buhu, ga babura a sama, tsakanin ruwa da bakin katako bai fi tafin hannu ba. Ya roƙi mai jirgi ya rage kaya, aka ƙi, ya ce to shi ba zai shiga ba. Ni kuwa a gaban jama'a na ce, "Haba Yallaɓai, sojan ruwa da tsoron ruwa?" Aka kwashe da dariya. Bai tanka ba, ya saɓa jakarsa ya nufi tashar mota.

Bayan wannan, ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski. Waɗanda suka tsira kaɗan ne, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Kunya ta hana ni barci, na je na same shi a zaure na nemi gafara.

Ya ce, "Malam, ya wuce." Sannan ya ba ni labarin da bai taɓa bayarwa a majalisa ba. Yadda suke kashe inji da dare su tura jirgi da gora a cikin ciyawar da ta fi tsayin mutum, suna neman tsibiran da 'yan Boko Haram ke ɓuya. Yadda aka ƙwace Baga a Janairun 2015, aka sake afka mata a Disambar 2018, har da sansanin sojan ruwa. Abin da ya fi tsaya masa a rai, in ji shi, ba harsashi ba ne. Wani yaronsa ne da jirginsu ya kife, nauyin bindiga da albarusai ya ja shi ƙasa, a ruwan da bai kai gaba biyu ba. Tun daga ranar ba ya shiga jirgi sai ya ƙirga mutane, ya duba kaya.

Abin da na kira tsoro, ilimi ne da aka saya da rai. Tun da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968 kututturan itatuwa ke kwance a ƙarƙashin tafkin nan, ga lodi ya wuce kima, ga tafiyar dare ba fitila.

Ina roƙon sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage daga Shanga zuwa Wara su nemo irin waɗannan tsofaffin sojoji, su ba su ikon hana jirgi tashi in kaya ya yi yawa ko babu rigar ruwa. Suna nan cikinmu, kuma ba za su ƙi ba.