Shaidar da na tono a bakin gulbi

Ranar da na shaida wa mahaifina cewa zan koma jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai domin ƙarin karatu mai zurfi a fannin ilimin ƙasa da duwatsu, sai ya aje alƙalamin lissafinsa ya tambaye ni abin da zan nazarta. Na ce masa: yadda ruwa ke ɗaukar rairai da laka, da inda yake sauke su. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Wato shekara biyu za ka yi kana ƙidayar rairai, alhali ga kanti babu mai tsaro?" Ban sami amsa ba a ranar.

Gaskiya kuwa ƙidayar rairai muka yi. Mukan ɗebo shi daga ƙoramu, mu shanya, mu tankaɗe da rariya iri-iri, daga mai manyan idanu har zuwa mai ƙanana, mu auna abin da ya tsaya a kowace. A can na koyi cewa ruwa ɗan dako ne mai hanya uku: tsakuwa yakan gangara da ita a ƙasa, rairai yakan tafi da tsalle, laka kuwa cikin jikinsa take tafiya. Ita ce ke rina kogin Kwara ja a Yamai cikin watannin Agusta da Satumba, idan Sirba da Dargol da Goruwal suka zubo. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Filif Yulstirom, ya nuna tun 1935 cewa rairai mai laushi ya fi yumɓu mai danƙo sauƙin kwasa. In gudun ruwa ya ragu kuma, nauyi yake fara saukewa: tsakuwa, sannan rairai, laka daga ƙarshe. Saboda haka kowace ambaliya tana barin shimfiɗa guda, kauri a ƙasa, laushi a sama.

Ina cikin shekara ta biyu Baba ya sami fili mai araha a kwari, kusa da gulbin Maraɗi, inda yake son gina mangaza. Har ya ba da kafin alƙalami, jikka ɗari biyu. Da na zo hutu na roƙe shi ya bar ni in haƙa rami. Da metir ɗaya da rabi na ƙirga shimfiɗa huɗu, kowace da tsakuwarta a ƙasa da lakarta a sama. Cikin ta uku daga sama na zaro guntun baƙar leda. Na miƙa masa na ce: "Baba, wannan ba ta zamanin kakanni ba ce. Tun zuwan leda garin nan, ruwa ya kwana a filin nan sau uku."

Ya daɗe yana juya ledar a hannunsa. Sai ya tuna labarin da mahaifinsa ke bayarwa na ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon garin Maraɗi har aka mayar da mutane bisa tudu. Ya janye daga cinikin, kuɗinsa kuma ba su dawo ba. Mako guda bai yi mini magana mai daɗi ba, ni ma na kwana da tsoron kada in zama na jawo masa hasara a banza.

Har yau ruwa bai taɓa filin ba, kuma ban san ranar da zai taɓa shi ba. Karatuna bai ba ni sanin gaibu ba. Abin da ya ba ni shi ne karanta abin da ya riga ya faru. Ya ku ƴan kasuwa masu sayen filaye, da ku ma'aikata masu sa hannu ga takardun rabonsu, rani ba shaida ba ne. Kafin a biya kuɗi ko a buga hatimi, a kira mai shebur ya haƙa metir biyu. Ladansa bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba.