Sabulun Gidanmu

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A gidanmu da ke Ƙaraye, sabulun wanki shi ne ya koya mana ma'anar wannan magana. Mu tara ne a gidan, shida kuwa 'yan makaranta ne, kowa da farin kayansa da ake so ya fito fes ran Litinin. Tun da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kome na shago ya yi tashin gwauron zabo. Ƙullin Omo da muke saye ya ƙanƙance, kuɗinsa ya ƙaru. Har ta kai Baba yakan tsaya ya auna, ko kuɗin sabulu ko na littafin rubutu.

Inna ce ta kawo shawara. Ta ce da ni, "Ke 'yar nan, in an yi hutu ki tafi Rogo wurin Gwaggonku. Mu da muka taso ba da kuɗi muke wanki ba." Haka kuwa aka yi.

Abin da na tarar a Rogo sana'a ce tsohuwa. Bayan girbi Gwaggo takan tara karan dawa da totuwar masara ta ƙone, ta kwashe tokar. Sai ta zuba ta a tsohuwar tukunyar ƙasa da aka huda gindinta, aka shimfiɗa tsumma a ciki. Ta kwarara ruwa a kai, ya riƙa ɗiga a hankali cikin kwano. Wannan ruwan toka shi take dafawa har ya yi ƙarfi, sa'an nan ta zuba man kaɗe ko kitse, ta yi ta juyawa da muciya har ya kama jikinsa, ya yi baƙi da laushi. Na tambaye ta ma'auninta, ta yi dariya ta ce, "Ɗiyata, ido ne mudu." Ta kuma gaya mini cewa kafin sabulu ya wadata, mutanen karkara har da ɓawon aduwa suke wanki, domin in an daka shi an jiƙa yana kumfa.

Da muka koma makaranta na kai wa malaminmu na kimiyya curi guda. Ya juya shi, ya sansana, ya ce ai Gwaggo ta riga mu shiga ɗakin gwaji. Ya bayyana mana cewa mai da ruwa ba su haɗuwa, shi ya sa ruwa kaɗai ba ya fid da maiƙo daga riga. Amma in mai ya gamu da abu mai kaifi irin na ruwan toka, sai su rikiɗe su zama sabulu. Kowane ƙwayar sabulu kuwa kai biyu gare ta, ɗaya ya kama maiƙo, ɗaya ya kama ruwa, in an ɗauraye sai datti ya bi ruwa ya tafi. Toka tana ba da sabulu mai laushi, sodar da ake sayarwa a kasuwa ita ke ba da mai tauri, wanda ake yankawa sanda-sanda.

To, daga nan muka haɗa hikimar Gwaggo da sikelin Malam. Ga yadda muke yi yanzu. Kowane kilo 1 na manja ko narkakken kitsen shanu yana bukatar soda kimanin giram 140, da ruwa kimanin sulusin lita. Manja mukan ɗora shi a wuta tukuna har jan ya fita, don kada ya ɓata farin kaya. A zuba soda cikin ruwa, kada a kuskura a zuba ruwa a kan soda, gama tana zafi tana iya fantsama. In ta huce a tsiyaya ta cikin man, a yi ta juyawa har ya yi kauri kamar kunu. A juye a kwali da aka shimfiɗa wa leda, bayan kwana 2 a yanka, a ajiye a inuwa mako 4 zuwa 6 kafin a taɓa wanki da shi. Wanda muke so ya zama gari sai mu gurza shi, mu shanya, mu zuba a gwangwani.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, kada kowa ya gwada wannan ba tare da babba a kusa ba. Soda tana ƙona fata, tana makantarwa. A sa safar hannu, a kare ido, a kori ƙanne daga wurin. A yi aiki da bokitin roba mai kauri, ban da tukunyar alminiyam, don soda tana cinta. In ta taɓa jiki a yi maza a wanke da ruwa mai yawa.

Ko akwai riba? Akwai, amma sai an yi lissafi. Wanda ya sayi man miya mai kyau a kwalba ya yi sabulu da shi, bai tsira da kome ba. Ribar tana wurin kitsen da ake samu da araha a hannun mahauta, da manjan da ya kwana biyu har ba ya miya, da tokar da da ma zubarwa za a yi. Mu dai tun da muka fara, haɗi ɗaya yakan kai mu ƙarshen zangon karatu, kuma Baba bai sāke auna sabulu da littafi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne halin wasunmu a bakin rijiyar makaranta. In yarinya ta fito da sabulun gida sai a yi ta zunɗe, wai ba ya ƙamshi, ba ya kumfa. Gaskiya ne kumfarsa ba ta kai ta garin shago ba, balle a ruwan rijiya mai nauyi. Amma kumfa ba ita ke wanki ba. Na san wadda ta gwammace ta zo aji da rigar da ba a wanke ba da a gan ta da sabulun kakarta. Wannan kunya ba ta da amfani, kuma iyayenmu ne ke biyan kuɗinta.

Saboda haka ina kira ga iyaye mata na Ƙaraye da Rogo da suka iya wannan sana'a, su koya wa 'ya'yansu tun tsofaffin da suka san ta suna raye. Malamanmu kuma su taimaka mana da awo da hanyoyin kiyaye lafiya. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa albarka a abin da hannunmu ya yi, amin.