Kunyar ɗan fari

Da wata ɗalibar ilimin harshe ta haifi ɗanta na fari a Damagaram, sai ta koma gidan iyayenta wankan jego. Ba ta ambaton sunan jaririn, ba ta kallonsa gaban mutane. Gwaggwanninta suka yaba: "Ɗiya mai kunya!"

Amma barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, kukan yaron yana sa ta kuka. Kalma ɗaya ta lulluɓe abu biyu: ladabin da al'ada ke so, da ciwon damuwar da kan biyo bayan haihuwa.

Ana gab da arba'in, kakarta ta ce: "Jikalle, shirun nan ya wuce kunya. Me ke cin ranki?" Daren nan ta buɗe baki. Washegari suka tafi asibiti.