Mutumin Da Ke Bayanta Da Jaka



Tun da labarin nan ya fita na Jeeno Thitikul, 'yar ƙasar Tailan da ta ci dala miliyan 4 a gasar rufe kakar 2024 ta ƙwallon lambu, wato golf, nake ganin hotonta yana yawo a nan Facebook. Kowa ya ɗauko waya yana juya kuɗin zuwa naira. Wani abokina har cewa ya yi gobe goben nan zai sayo wa 'yarsa sanda ta fara koyo. Na yi dariya, na buɗe bidiyon ni ma. Amma wallahi idona bai zauna a kanta ba. Kan mutumin da ke tsaye a gefe ya tafi, mai sanye da 'yar riga marar hannu da sunanta a rubuce a bayansa, ga ƙatuwar jaka a kafaɗa.

Da yawanku ba ku sani ba, na yi wannan aikin. Ina ɗan shekara 13 na fara bin yaran unguwarmu zuwa wani filin golf a nan Arewa, mu zauna ƙarƙashin mangwaro tun bayan sallar asuba muna jiran wanda zai nuna mu da yatsa. Kadi ake ce mana, mai ɗaukar jaka. A lokacin wurin da ramin yake ba ciyawa ba ce irin wadda kuke gani a talabijin, yashi ne aka gauraya da baƙin mai, kuma kafin maigida ya buga sai ka ja ɗan buhu ka share masa hanya. Shekara biyar na yi a haka, da kuɗin na sayi littattafan sakandare. Shi ya sa har yau nake bin gasar matan nan ta LPGA, kuma shi ya sa nake son in ba ku labarin mutanen da kyamara ke wucewa ta kansu.

LPGA mata 13 ne suka kafa ta a Amurka a 1950. Yau kuwa ta zama gasar duniya. Farkon shekara ana Tailan da Singafo, a dawo Amurka, da bazara a tafi Faransa da Birtaniya, ƙarshen shekara a sake komawa Koriya ta Kudu da Jafan. Duk inda 'yar wasa ta sa ƙafa, mai jakarta yana nan. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, shi ba ma'aikacin hukumar gasar ba ne. Tsakaninsa da 'yar wasar ne kawai, yawanci ma magana ce ta baki. Tikitin jirgi, ɗakin kwana, abinci, galibi duk daga aljihunsa. Shi ya sa za ka ji su biyu ko uku sun haɗa kuɗi sun kama ɗaki ɗaya, ko sun yi hayar mota ɗaya sun kwana suna tuƙi zuwa garin gasa ta gaba.

Yadda biyan yake a al'ada: akwai kuɗin mako da suka daidaita a kai, sannan akwai kaso daga abin da ta ci. Idan ta ɗauki kofi, kashi 10 cikin 100. Idan ta shiga goman farko, kashi 7. Idan ta dai tsallake zuwa zagayen ƙarshe, kashi 5. To a lissafin nan wanda ya ɗauki jakar da ta ci dala miliyan 4 zai iya tashi da dala dubu 400 a mako ɗaya. Na san yanzu wasunku sun fara tunanin neman biza.

Ku dakata tukuna. A yawancin gasannin, bayan kwana biyu ana tankaɗe da rairaya, a bar 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da ta 65 ɗin. Sauran, kusan rabin waɗanda suka fara, su tattara kayansu ranar Juma'a da yamma, kuma a gasa ta yau da kullum ba su da ko sisi a kuɗin gasar. 'Yar wasa ta yi asara, ga shi dole ta biya mai jakarta kuɗin mako. Shi kuma kuɗin makon nan idan ya cire jirgi da otal, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Idan aka jera mako huɗu ko biyar a haka, sai dangantaka ta fara tsami. Kuma 'yar wasa ba za ta kori kanta ba. Wanda ke kusa da ita shi za ta kora.

Lydia Ko ta Niyuzilan, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ta yi suna wajen sauya masu ɗaukar mata jaka tun tana ƙarama. A 2016 ta rabu da Jason Hamilton alhali tana ta ɗaya a duniya, kuma sun ci manyan kofuna tare. Ba na ganin laifinta, sana'arta ce, ita ta san abin da take nema. Amma ku tsaya a matsayinsa: kana ɗauke da jakar gwarzuwar duniya yau, gobe kana tsaye a wurin ajiye motoci kana tambayar abokan aiki ko sun ji wadda ke neman mutum. Af, kuma a Olamfik ɗin ma lambar yabo ta 'yar wasa ce kaɗai, mai jaka ba a rataya masa komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai kada ku ɗauka dako ne kawai. Jakar dai tana da nauyi, ta kan kai kusan kilo 20 idan an cika ta da ruwa da laima da rigar ruwa da ƙwallaye, kuma ramuka 18 tafiya ce ta kilomita da yawa, ta awa huɗu zuwa biyar. Amma nauyin da ya fi shi ne na ka. Tun ranar Litinin ko Talata yake zagaya filin shi kaɗai da ɗan littafinsa, yana auna nisa, yana duba inda ƙasa ta karkata da inda ƙwallo za ta gangara idan ta sauka. Ranar gasa zai ce mata saura yadi kaza zuwa tuta, iska na kaɗawa daga hagu, ɗauki sanda kaza. Idan ta buga ta faɗa ruwa, duk duniya ta ga fuskarta ta juyo tana kallonsa. Dole ya san lokacin da zai yi magana da lokacin da zai haɗiye, lokacin da zai miƙa mata ayaba da lokacin da zai kawo hirar da ba ta shafi wasa ba don zuciyarta ta sauka. Har doka ma tana sauya masa aiki. Kafin 2019 a gasar mata za ka ga mai jaka ya tsaya daidai bayan 'yar wasa yana saita mata tsayuwa kafin ta buga. Daga Janairun 2019 aka hana, wadda aka kama kuma a ƙara mata bugu biyu.

Bari in ba ku nawa abin kunyar. Doka ta ce sanduna 14 ne iyakar abin da za a ɗauka a jaka. Ina ɗan shekara 16 aka yi gasar mata a filinmu, wata Hajiya da na daɗe ina ɗaukar mata ta ce ni take so. Da safe ta gwada wata sabuwar sanda a wurin atisaye, ta miƙo mini, ni kuma na zura ta a jaka ban ƙirga ba. Sai da muka gama rami na biyu, na sa hannu zan ciro mata sanda, idona ya sauka kan baƙuwar. Gabana ya faɗi. Babu wanda ya gani sai ni. Na daɗe a tsaye ina tunanin in yi shiru, in lallaɓa in jefa ta cikin ciyawa. Ƙarshe dai na matsa kusa na ce, "Hajiya, sandunan 15 ne." Ta dube ni, ta dubi jakar, ta kira abokiyar wasanta ta faɗa mata da bakinta. Bugu huɗu aka ƙara mata, biyu a kowane rami. Da aka tashi, da bugu biyu aka fi ta.

Ba ta zage ni ba. Ta biya ni kuɗina cif, ta ce, "Ɗana, ka kyauta da ka faɗa." Amma daga ranar ba ta sake nuna ni da yatsa ba. Na yi kuka a ƙarƙashin mangwaron nan. Shugabanmu, wani dattijo da duk muke kira Baba, ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kai yaro, ita ta yi maka adalci sau biyu. Gobe ka ƙirga." Shekaru bayan nan na ji abin da ya sami Ian Woosnam a gasar Open ta 2001, inda mai jakarsa ya bar sanda ta 15 a ranar ƙarshe yana cikin na gaba-gaba, aka ƙara masa bugu biyu. Na ce ashe ciwon nan ba ni kaɗai ya kama ba.

Akwai kuma masu daɗin ji. Brooke Henderson ta Kanada, yayarta Brittany ce ta shafe shekaru tana ɗaukar mata jaka. Inbee Park ta Koriya ta ci manyan kofuna bakwai, kuma Brad Beecher ɗan Ostireliya ya fi shekara goma yana tare da ita. Jason McDede, mai ɗaukar wa Nelly Korda, shi ya ga jarrabawa: a 2019 a gasar Solheim da aka yi a Sikotland, aka haɗa Nelly da Caroline Masson 'yar Jamus, wadda ita ce budurwar da zai aura. Ya tsaya ya yi aikinsa, Nelly ta ci, kuma daga baya aka ɗaura auren. Ni dai ban san yadda hirar daren ranar ta kasance ba!

Wanda ya fi burge ni shi ne na Sophia Popov. A bazarar 2020 ba ta da cikakken gurbi a LPGA, har ta kai ta ɗauki jakar ƙawarta Anne van Dam a wata gasa a jihar Ohayo. Makonni kaɗan bayan nan, tana ta 304 a duniya, ta je Royal Troon a Sikotland ta cinye gasar AIG Women's Open, ɗaya daga cikin manyan gasanni biyar na mata. Saurayinta ne ya ɗaukar mata jaka. Wadda ta taɓa jin igiyar jaka a kafaɗarta, ba na jin za ta taɓa raina mai ɗauka.

Amma labarin da ba ya barin raina shi ne na Dubai. A Disambar 2016, a gasar matan Turai, wani mai jaka ɗan Ostiriya mai suna Maximilian Zechmann, ɗan shekara 56, ya yanke jiki ya faɗi a rami na 13 a ranar farko, yana ɗauke wa Anne-Lise Caudal 'yar Faransa. Rai ya yi halinsa. An dakatar da wasan ranar, aka rage gasar zuwa zagaye uku. Ko wannan ma ci gaba ne, don a 2014 a tsibirin Madeira, a gasar maza, wani mai jaka ɗan Zimbabuwe, Iain McGregor, ya rasu a filin, kuma a ranar aka ci gaba da wasa, abin da ya jawo wa masu shirya gasar suka sosai. Na san sunayen nan biyu ne kawai saboda sun mutu a bakin aiki. Da sun koma gida lafiya, da ba wanda ya taɓa jin su.

Abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutun, watan jiya na je gaida Baba. Ya tsufa ƙwarai. Kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, ko riga ya sa sai ka gane. Fiye da shekara 40 yana ɗaukar jakar manya, ya san hannun kowa, ya koya wa wasu riƙon sanda tun daga farko. Ba fansho, ba katin asibiti. 'Ya'yansa da mu tsofaffin yaransa ne ke haɗa kuɗin magani. Na nuna masa bidiyon yarinyar Tailan ɗin a waya, na faɗa masa abin da mai jakarta zai iya samu. Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo. Bai ce komai game da kuɗin ba. Cewa ya yi, "Ka ga inda ya tsaya? Inuwarsa ba ta taɓa layinta ba. Wannan ya san aiki."

Golf ba baƙo ba ne a wurinmu. Filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma Kaduna da Kano da Abuja duk akwai filaye. A kowannensu akwai yara zaune a inuwa suna jiran a nuna su. Na san a cikin masu karanta wannan akwai waɗanda ke wasa duk ƙarshen mako, maza da mata. Roƙona gare ku kaɗan ne. Yaron da ke bayanku, ku tambayi sunansa, ku tambaya ko yana zuwa makaranta. Ku biya shi kafin ku shiga shan lemo, kada ya tsaya a bakin ƙofa yana jira har magariba. Idan kuna cikin kwamitin kulob, ku kawo maganar asusun lafiya na masu ɗaukar jaka, musamman tsofaffin. Abin da kuke kashewa a ƙwallayen da ke ɓacewa cikin ciyawa a wata ɗaya ya isa ya fara shi.

Mu tsofaffin yaran Baba muna shirin kai shi a duba masa kafaɗar nan bayan sallah. Wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mangwaron nan ya san kansa, ya neme ni ta akwatin saƙo.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.