Lamba Biyu Ta Ƙi Shiga

Duk wanda ke bi ta layinmu bayan sallar asuba a hunturun da ya wuce ya san ƙarar nan. A tada mota, ta ɗan gusa, sai ka ji ƙarrr, kamar ana wasa adda a kan dutse. To, motarmu ce, kuma muna neman afuwar maƙwabta, musamman masu komawa barci. Lamba biyu ce take ƙin shiga. Sai da ta ci mana kuɗin da ba ma so mu faɗa a gaban iyali kafin muka gane abin da muke yi mata.

Mu uku muka haɗa muka saye ta, uwa ɗaya uba ɗaya. Hilux ce 'yar Beljiyam mai shan gas, injin 5L, ba tobo, mai ja da ƙafa huɗu. Ɗan abin da ya rage na gado, da wanda muka farfaɗo da shi tun bayan Janairun 2010 (ɗan Dutse Uku ba ya bukatar a yi masa bayani), duk a cikinta yake. Aikinta ɗauko dankali daga ƙauyukan Bokkos da Mangu, da kabeji in lokacinsa ne, ta sauke a Farin Gada. Gida uku ke ci a jikinta. In ta kwana biyu a gareji, tukunya uku ce ke jin jiki.

Ɗan yayarmu muka ba tuƙi. Yaro ne mai amana, ba ya shaye-shaye, ba ya taɓa kuɗin mota. Da acaba ya fara, da aka hana acaba a cikin Jos zamanin Gwamna Jang ya koma keke, kuma can ya ɗauko halin da ya kusa kashe mu. Injin keke ƙarami ne, sai ya yi kururuwa yake ja, giyarsa kuma murɗawa ce a hannu, nan take. Haka ya zo yana yi wa Hilux: ya taka totur har injin ya yi kuka, ya fizgo giya da ƙarfi, ya sake kulochi gaba ɗaya. Mota ta zabura, buhuna su gwaru a baya. A go-sulo kuwa ƙafarsa na kan kulochi ko da yaushe, wai yana cikin shiri.

Ranar da bakanike ya sauke giyabos, ya kira mu ya miƙo mana wani zobe na tagulla, bai fi awarwaro ba. Ya ce shi ne sinkoro na lamba biyu. Aikinsa, kafin haƙora su haɗu, ya goga ya daidaita gudun giyar da za a shiga da gudun da motar ke yi. In ka ba shi ɗan lokaci zai yi aikinsa shiru. In ka tura da ƙarfi, shi ne ke cinyewa. Namu ya yi sumul, tsagin cikinsa duk ya shafe. Farantin kulochi ma ya ƙone ya yi baƙi. Muka sauka Dilimi neman kaya, muka dawo aljihu ba nauyi.

Aka zauna za a yanke wa yaro hukunci. Kawunmu ne ya hana. Dattijo ne da ya tuƙa Land Rover a filin kuza wajen Bukuru tun ba a haife mu ba, irin tsofaffin nan da lamba ɗaya da biyu ba su da sinkoro sam, sai dai kunnenka da ƙafarka. Ya ce, “Ku da kuka ce ya yi sawu biyu a rana, ku wa zai yi wa hukunci?” Shiru muka yi. Akwai kuma abin da ba mu gaya masa ba sai daga baya: da giyar ta fara gurnani, mu ne muka sa aka zuba mata mai kauri, lamba 140 ɗin nan, don ta yi shiru. Littafin motar 75W-90 ya ce. A sanyin Jos na Disamba, mai kauri kamar zuma yake kwana, zoben ba ya iya kamawa. Ashe da hannunmu muka ƙara mata ciwo.

Da motar ta fito, Kawu ya ce a sa masa matashi a kujerar gaba. Mu muka hau baya. Tun daga Tina Junction suka fara, don kun san jika da kaka.

“Kai, ɗan keke, wa ya biyo ka?”

“Tsoho, zamaninku ya wuce, yanzu lokaci kuɗi ne.”

“To tsaya in nuna maka inda kuɗin ke zuba.”

Abin da ya fara koya masa, injin gas ba ya son ihu. Ƙarfinsa a ƙasa yake, wajen zagaye dubu biyu zuwa dubu biyu da ɗari biyar a minti. Ka wuce nan da yawa, hayaniya ce da ƙona mai, ga gas lita ta haura naira dubu. Sannan injin ne mai nauyi, fulayiwil ɗinsa babba, in ka ɗaga ƙafa ba ya sauka nan take. Shi ya sa canjin giya taki biyu ne: ka fitar zuwa firi, ka ɗan dakata, sannan ka shigar. Kawu ya ce, “Ka yi bismilla a firi. Kafin ka ƙarasa, ita da kanta za ta karɓa.” Ya sa shi riƙe giyar da yatsa uku. Wallahi muna baya muna saurare, lamba biyu ta faɗa ba mu ji ba. Kulochin ma ya ce kashi biyu ne: a taka shi har ƙasa da sauri, a sake shi a hankali daidai inda yake kamawa, sannan a sauke ƙafa gaba ɗaya a ajiye ta a ƙasa.

Saukowa daga babbar giya zuwa ƙarama, a nan aka daɗe. Nan injin ƙarin gudu yake so, don haka kana firi sai ka ɗan taɓa totur, vum, sannan ka shigar. In da kaya a kan hawa, ko da safe mai bai yi zafi ba, Kawu sau biyu yake taka kulochi: ya taka ya fitar, ya saki a firi, ya ba ta wuta kaɗan, ya sake takawa ya shigar. Yaron ya yi ta kuskure, ko wutar ta yi yawa mota ta zabura, ko ta yi kaɗan ta dungura. Sai da aka yi kwana uku ana hawa da sauka a hanyar Lamingo kafin ƙafarsa ta gane.

Ya kuma ce a canza tun hawan bai ci ƙarfin mota ba. Garin nan ya kai mita 1,200 sama da teku, iskarmu ba ta kai ta Lafiya kauri ba, injin da ba tobo kuwa yana jin haka. In ka bari tana karkarwa tana baƙin hayaƙi a lamba huɗu, kafin ka samu uku gudun ya tafi, sai ka nemi biyu, kuma a nan ake fizga. Ribas kuma, ya ce tata ba ta da zobe: a tsaya cak, a taka kulochi, a ƙirga uku. In ta ƙi, a leƙa wata giyar a dawo.

Ƙaramar giyar gefe, wadda direbobi ke kira ogzilari, ba su daɗe a kanta ba. A kulle hob na ƙafafun gaba tun kafin a shiga taɓo, ba sai an nutse ba. L4 sai mota na tsaye, kuma a cikinta yawanci da lamba biyu ake tashi, don ɗaya ta yi gajarta. Giyar da ka shiga laka da ita, da ita za ka fita, domin kana taka kulochi a tsakiya taɓo ya riƙe ta. Ana hawa busasshiyar kwalta a mayar H2.

Sau ɗaya muka ga ran Kawu ya ɓaci. Yaron ya ce a Hawan Kibo abokansa firi suke sakawa a gangara don tsimin mai. Kawu ya daina wasa. Ya ce, “Gawa nawa ka taɓa ɗauka a gindin hawan nan?” Ya ce giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka, injin ya riƙe, birki ya taimaka. In birki kaɗai ka bar wa buhu ashirin, zai yi zafi ya daina ci, lokacin kuma giya ba za ta shiga ba ko ka roƙe ta. Tsimin ma babu shi, don mota na cikin giya ƙafa ba ta kan totur, ba wani man kirki take sha ba. Har muka iso gida ba wanda ya ƙara magana.

Yanzu sawu ɗaya muke yi, sai ranar da kasuwa ta yi kyau sosai. Kuɗin shiga ya ɗan ragu, ba ma ɓoyewa, amma tun gyaran nan ba ta kwana a gareji ba. Da safe yakan bar ta ta ɗan ɗumama kafin ya tashi, ya bi layi a hankali har titi.

Saura gardama ɗaya. Kawu ya dage a riƙa taka kulochi sau biyu a kowane canji. Bakanike ya ce wahalar da ƙafa ce, ai don haka aka yi zoben, a bar shi sai ga kaya da hawa. Mu ukun ma kanmu ya rabu, biyu da ɗaya. Yaron dai ya samo tasa dabarar: sau biyu yake takawa har ya wuce ƙofar Kawu, inda tsohon ke zaune da butarsa yana kasa kunne.