Dokin Waya Da Goɗiyar Baffa

Bahaushe bai yi wa doki rowar suna ba. Baƙi wuluk akawal ne, fari kili, mai dabbare-dabbare danda. Ja mai baƙar geza da baƙar wutsiya shi ne bikili, mai launin rairayi kuwa gunya. A garinmu Falgore ta ƙasar Rogo, masu riƙe da waɗannan sunaye yanzu dattawa ne, irin su Baffana, wanda har yau bai rabu da turke a ƙofar gida ba.

Burin Baffa bai wuce ɗaya ba: goɗiyarsa bikili ta haifa masa kili, ya ga jininsa a kansa ranar hawan Sallah a Ƙaraye. Bara waccan ya yanke shawarar kai ta barbara wurin wani ingarma gunya da ke maƙwabta, a ganinsa haske zai jawo haske. Wanda ya tare shi jikansa ne, ɗan shekara 14, da ke raba dare yana wani wasan kiwon dawaki a waya, inda ake haɗa goɗiya da ingarma a ga launin da za su bayar.

"Tsoho, kada ka yi asarar shekara," in ji shi. "Na gwada ya fi sau ɗari. In babu kili a cikin iyaye, ba a samun kili."

"Kai ja'iri, dokin naka yana cin harawa?"

Muka yi dariya, amma yaron yana da gaskiya. Kowane duƙushi yana karɓar ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kamar yadda Gregor Mendel ya nuna da waken lambunsa a 1866. Wata ƙwayar mai rinjaye ce, wata mai laɓewa. Ta jan doki zalla laɓewa take yi, shi ya sa bikili biyu kan haifi ja mai jar geza, sau ɗaya cikin huɗu idan dukansu suna ɗauke da ita. Ta gunya tsarma launi kawai take yi, kamar an zuba ruwa a kunu. Ta kili kuwa ba ta iya ɓuya: duk dokin da ya gaje ta sai ya yi furfura. Da duhu ake haihuwarsa, ya riƙa washewa shekara bayan shekara.

Baffa bai ce ya yarda ba. Shiru ya yi, yana lissafa duk kilin da ya sani tun ƙuruciya, da uwar kowane da ubansa. Bayan kwana biyu ya ɗaura wa goɗiyar ragama, ya nufi wurin wani mai ingarma kili ta wajen Rogo. Jikan ya gargaɗe shi cewa ko a nan ɗin rabi da rabi ne, idan ƙwaya ɗaya ingarman yake ɗauke da ita.

A waya sakamako ba ya wuce ƙiftawar ido. Goɗiya kuwa wata 11 take ɗauka, kuma kullum sai ta ci dusa da harawa, ta lashi kanwa. Da ta sauka, sai ga duƙushi ja mai duhu. Yaron ya tsaya zuru, don wasansa tun ranar haihuwa yake rubuta masa abin da doki zai zama. Baffa ya durƙusa, ya buɗa gashin da ke zagaye da idon duƙushin da yatsa, ya nuna masa fararen silla uku zuwa huɗu.

"Ga kilinka nan. Wayarka ta koya maka duba nan?"

Akwai sauran abin da ba ta koya masa ba. A allo, kowane launi yana da gidansa. A turke, bikili biyu uwa ɗaya uba ɗaya, wani ya yi duhu wani ya yi haske, akawal ya koɗe da zafin bazara, gashi ya sauya sheƙi gwargwadon ƙoshi. Baffa ya kuma san ƙullutun da ke fito wa tsohon kili a ƙarƙashin wutsiya. A 2008 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka gano ƙwayar furfurar doki, suka nuna cewa ita ce kuma ke jawo wannan ciwon fata, wanda ke kama yawancin kilin da ya haura shekara 15. Wato farin da muke wa tafi a filin hawa da kuɗinsa ya zo.

Abin da ke damuna shi ne, mai lissafin bai san sunayen ba, mai sunayen kuma kwana yana ja masa. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, amma takardar Turai ba za ta koya wa yaro bambancin bidi da hurde ba. Wannan sai a gindin turke.

Duƙushin ya shiga shekara ta biyu, fuskarsa ta soma toka-toka. Yaron ya sayi littafi, kowane wata yana ɗaukar hotonsa, Baffa yana faɗa masa sunan launin yana rubutawa.